Lamba Uku Bayan Ɗigo

Kwamfuta ba ta ƙarya. Sai dai in ba ka tsaya a kanta ba, takan rage gaskiya ta dawo daidai faɗin takarda.

Na faɗi haka ne, Injiniya, don na ga kin mayar da lambobinki rubutu, sun jeru sun yi kyau, ga kuma yatsanki a kan maɓalli za ki goge na asali. Ɗaga hannun tukuna. Ni ma na gaji, amma misalin ba shi da tsawo.

An yi wani mai binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa a wata ma'aikata, mutum mai haƙuri, wanda rana ta riga ta gama gasa shi. Ya shafe rani guda yana zagaya ƙauyukan da ke zaune kan dutse, yana jan waya yana kafa ƙarafa, yana neman 'yar tsagar da ruwa ke kwance a ciki. A irin wannan ƙasa ruwa ba tafki ba ne, zare ne, in ka kauce masa da taku goma ka kauce masa ke nan. Duk inda ya samu sai ya kafa turke, ya ɗauki lambar wurin da na'urarsa: ɗaya ta arewa, ɗaya ta gabas, kowacce da jela mai lamba takwas bayan ɗigo. Ƙauye arba'in, layi arba'in.

Da ya koma ofis, shugabansa ya dubi jerin ya yamutsa fuska.

"Malam, wannan ai kamar tururuwa ta zube a takarda. Manya fa za su gani. A gyara."

Ya gyara. Umarni guda ya ba manhajar lissafi, ta mayar da jerin lambobin rubutu don su zauna kusa da sunayen ƙauyuka a jadawali. Bai gaya mata lamba nawa za ta bari bayan ɗigo ba, ita kuma tambaya ba ta cikin tarbiyyarta. Ta bar uku, ta zubar da biyar. Ba wai bai lura ba, ya lura. Ya ce a ransa, abin da ya zo na huɗu bayan ɗigo ai ƙura ce. Ga shi kwamfutar ofis ta cika da hotunan walimar bankwana da wani darakta, kullum tana kukan wuri. Ya duba abin da za a goge ba a ɓata wa kowa rai ba, ya tarar fayil ɗinsa na asali, mai cikakkun lambobin, ne kawai. Ya goge.

Damina ta zo ta wuce. Masu sharar gona suka tuge turakun, don turke a tsakiyar gona ba ya nuna takardar izini. Shi kuma aka yi masa canjin wurin aiki, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya fara gane aikinsa.

Da rani ya dawo, motar haƙa ta isa wani ƙauye da matansa ke tafiyar awa biyu kafin su ga ruwa. Sau ɗaya layin haƙa ke zuwa kan ƙauye, kowa ya san haka. Shugaban masu haƙa ya karanta lambar jadawali, ya bi na'ura har ta ce ya tsaya, ya tsaya. Wani dattijo da ya yi wa mai binciken rakiya bara ya matso ya ce, "Ɗan nan, ba nan ya tsaya ba. Can ne, gindin surin nan. Ni na riƙe masa waya."

"Baba, mu lamba muke bi, ba suri ba."

"To, ita lambar ta zo nan bara?"

Aka yi dariya, aka ta da inji. Kwana uku yana ruri yana aman garin dutse, ba ko ɗigon ruwa, mata na tsaye da bokitai, har suka gaji suka kife su suka zauna a kai. Tsakanin ramin da surin taku sittin ne. Lambobi biyar ɗin da aka kira ƙura, tsawonsu ke nan a ƙasa.

Aka nemo mai binciken a waya. Ya ce kada a damu, zai mayar da rubutun lamba kamar yadda yake da. Ya ba da umarni, kwamfuta ta amsa nan take, cikin ladabi ta cika kowace jela da sifili biyar. Geron da ya zama fura ba ya komawa zangarniya. Ya zauna yana kallon sifilan, ya ce wa na waya, "Ku tambayi tsohon nan." Lokacin mota ta riga ta kai ƙauye na gaba.

Tunda an zo da famfo da allon suna, ba a mayar da su ba, an kafa. Yanzu awaki ake ɗaurewa a jikin famfon, kuma sun ce ba su da ƙorafi. Matan na nan suna tafiyar awa biyu, hanyarsu ta gindin surin take bi, a kan ruwan. Rahoton kuwa har yau ana nuna wa sababbin ma'aikata shi, su ga yadda ake tsara jadawali.

Don haka, Injiniya, gaya wa kwamfutar lamba nawa za ta bari, ki kuma ajiye na asalin. Hausawa sun riga mu faɗa: hakin da ka raina, shi kan tsone maka ido.