Ƙofar da Saja Yari Ya Tare

Da gudu Ugochukwu ya faɗa caji ofis, ko kashe motar kayansa bai tsaya yi ba.

"Oga, ku ɓoye ni. Na buge wata tsohuwa a hanyar Rikoto. Birki ne ya ƙi."

Saja Yari ya tura shi bayan kanta ya kulle. Kafin ya juyo, 'yan kabu-kabu sun cika harabar, wani da taya, wani da galan na fetur.

Wani dattijo ya kutso ya yi wa Saja raɗa. Ta tsakanin ƙarafa Ugochukwu ya ga Saja ya dafa bango, makulli a hannunsa.

"Miƙo muna shi, Saja," in ji mai fetur. "Ai kai ya kamata ka ƙyasta ashanar."

Saja ya jefa makullin a aljihu, ya tare ƙofa da jikinsa.

"Wanda ya kawo kansa hannun hukuma amana ne. Alƙali zai gani, ba wuta ba. Mai son shi sai ya bi ta kaina."

Suka zage shi har suka gaji, suka watse.

Ugochukwu ya durƙusa yana kuka. "Oga, Allah ya saka maka."

Saja bai dube shi ba. Ya miƙa wa wani kofur makullin.

"Ba shi ruwa, kada kowa ya taɓa shi. Za ni gida, ni ake jira a sallaci mahaifiyata."