Kujera a Ƙarƙashin Rufin Dutse

Kai da kake cewa taka ta ƙare don aikinka ya rushe sau ɗaya, gyara zama ka ji. A wata ƙasar Turawa, can zamanin da, an yi wani magini mai taurin kai. Maginan lokacin bango suke yi mai kauri, taga kamar ramin ɓera, mutum ya shiga coci da rana tsaka yana lalube. Shi kuwa ya ce sam: ginshiƙai sirara, baka mai tsini a sama, tagogi dogaye, irin ginin da daga baya aka sa wa suna Gotik. Aikinsa na farko ko shekara bai yi ba rufin ya rufto, Allah ya sa babu kowa a ciki. Abin nema ya samu ga tsofaffin magina. Suka sa aka kore shi, suka aika garuruwa kada a ba shi ko ginin akurki. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai ce ya tuba ba. Shekara bakwai yana leburancin fasa dutse yana juya maganar a ransa, har ya gano kuskurensa: ashe nauyin rufi gefe yake tura bango. To, a tokare bangon ta waje mana, yadda ake yi wa dangar da ta karkata.

Wani ƙaramin gari da manyan magina suka raina ya ba shi aiki. Maimakon ya rage tsawo, sai gogan naka ya ƙara, ya kuma tokare bangon ta waje. Ranar cire katakon da ke riƙe da rufin, maƙiyansa suka yi tafiyar kwana uku don su zo kallon faɗuwa. Ma'aikata suka ƙi taɓa katakon. Maginin ya jawo kujera ya dasa daidai tsakiyar ginin, ya ɗora kwanon miyarsa a cinya. Kada ka ce ba ya tsoro, amma ya ce, "Ku cire. In ya rufto, na hutar da ku haƙa kabari." Aka cire ɗaya bayan ɗaya. Ɗan yashi ya zubo masa a kwano, ya tsame da cokali ya ci gaba da sha. Rufin ko motsi bai yi ba. Kafin la'asar, waɗanda suka zo dariya suna ta auna ginshiƙansa da kamu a ɓoye, kowa na kaffa-kaffa kada ɗan'uwansa ya gan shi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho.