Gadin Gola

Rigimar ta fara ne a gaban tagar sayar da tikiti, washegarin saukar 'yan ƙwallon a ƙasar mutane. Wasanni za su buga gari-gari, kuma duk a jirgin ƙasa za su yi zirga-zirgar. Matar da ke bayan gilashi ta ce zaɓi biyu ne: ko a yanki tikitin kowace tafiya daban, mai ɗauke da lokaci da lambar kujera, ko a sayi fas, katin da mutum zai riƙa hawa duk jirgin da ya ga dama da shi har wata ya cika.

Gola, mai tsaron ragarsu, shi ne ya fassara, don shi kaɗai ya ɗan koyi yaren ƙasar a wayarsa kafin su taso. Da ya gama sai ya ƙara da nasa, ya ce shi a ganinsa fas ya fi, ko jirgi ya tafi ya bar su sai su bi na baya.

Koci ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Fas ko? Don ka sulale mana a tashar da ka ga dama? Kai da ka zauna ka haddace yaren mutane, ai biri ya yi kama da mutum."

Ya kora su gefe, ya tsaya a tagar shi kaɗai, ya daɗe yana nune-nune da yatsa. Ya dawo da damin tikiti ya cusa a aljihu, sannan ya ja Kyaftin bayan wani ginshiƙi.

"Yaron nan gudu zai yi. Na damƙa maka shi. In ya ɓace kai za ka yi bayani a gida, kuma kai da ƙwallo har abada."

Kyaftin ya waiwaya ya dubi yaron. Shi da Gola layi ɗaya suka tashi, takalmin ƙwallo ɗaya suka taɓa yin karɓa-karɓa da shi. Amma shi Kyaftin ya baro mata da jariri a gida, kuma ban da buga ƙwallo ko ƙusa bai iya bugawa ba. Abota daban, tuwon gobe daban.

Daga ranar ya zama ƙarfen ƙafa. A jirgi Gola na jikin taga, shi yana bakin hanya ya miƙe ƙafa ya tokare. In Gola ya shiga banɗaki, yana bakin ƙofa. A masauki shi ke riƙe da makullin ɗaki. Tun Gola na ɗaukar abin wasa har ya daina dariya, ya daina gaisuwa, ya koma tsaki. A fili ma ba mai kiran wani, har aka zura musu wata ƙwallon banza saboda kowa ya tsaya jiran ɗan'uwansa. Kyaftin ya tsani Gola, ya tsani Koci, ya kuma tsani kansa.

Koci kuwa bai sassauta ba. Kowace tasha sai ya jera su kamar awaki ya ƙirga. A ƙofar tarago yake miƙa wa kowa tikitinsa, mai dubawa na wucewa ya bi ya karɓe. Shi can ƙarshen tarago yake zama kusa da ƙofa, wai don ya ga mai fita, jar hularsa a ka, jakarsa tsakanin ƙafafu, idonsa a kan jadawalin jirage. Shi kaɗai ne mai duba tikiti kan ce wa ya haɗa da fasfo. 'Yan wasa suka ce girman shugabanci ne, har mutanen ƙasar sun san manya.

Ranar komawa filin jirgin sama, Koci ya raba wa kowa fasfonsa da tikitinsa, ya ce ya gaji da yi wa ƙarti dako. Ya rataya wa Kyaftin usur a wuya, yau shi zai yi ƙirga. Sannan ya raɗa masa cewa akwai wata babbar tasha a gaba inda layuka suka rarrabu, jirgi kan ɗan jima a tsaye. In dai yaron zai gudu, to a nan ne.

Jirgi na tsayawa a tashar, Gola ya miƙe da gorar ruwansa a hannu.

"Ina za ka?"

"Ruwa zan sayo. Ko shi ma sai da izininka, ranka ya daɗe?"

Kyaftin ya ci kwalarsa. Gola ya hankaɗe shi, shi kuma ya kai masa naushi a baki. Nan take tarago ya kacame, 'yan wasa suka yi caa a kansu, masu riƙo na riƙo, masu zuga na zugawa, fasinjoji na kwashe yaransu.

"Wallahi ko gawarka ce sai na mai da ita gida!" in ji Kyaftin, yana danne da shi a kan kujera.

Bai sake shi ba sai da ƙofofi suka rufe, jirgi ya ja. Ya sauke numfashi, ya ƙirga 'yan wasa, ba wanda ya yi ƙafa. Kunya ta kama shi ganin jini a rigar Gola, amma ya tsira da sana'arsa. Ya nufi ƙarshen tarago don ya ba da rahoto.

Kujerar Koci ba kowa. Ya leƙa banɗaki, ya leƙa tarago na gaba, ya dawo ya ci karo da mai duba tikiti. Ya buɗe baki, sai ya tuna ko gaisuwa bai iya ba da yaren. Dole ya sunkuyar da kai ya roƙi Gola ya tambaya.

Gola ya goge leɓensa, ya yi tambayar. Mutumin ya ba da amsa yana nuna baya da babban yatsa. Gola ya juyo ya daɗe yana kallon Kyaftin.

"Ya ce mai jar hula ya sauka da jakarsa tun muna dambe, ya haye wani jirgin. Ya ce kada mu damu da shi, ai shi fas gare shi."