Wakilin Sakamako

Tun da na'urar gwajin jini ta shiga kowane kemis, tana tura sakamako wayar mutum cikin minti ɗaya, asibitoci suka daina sayen manhajarmu ta adana sakamako. Mu biyu muka rage a kamfanin, ni da Zubaida.

Ranar Talata ta shigo tana ta kai-komo.

"Nafi'u, jiya mai shayinmu ya karanta sakamakonsa yana cikin zuba wa mutane. Haka ake gaya wa mutum cuta? A da sai a samu babba ya ja ka gefe."

"To mu juya manhajar," na ce. "Sakamako mai kyau ya tafi wurin mai shi. Marar kyau ta tura wa wakilin da mai shi ya zaɓa, shi ya je ya faɗa masa."

Kafin la'asar mun haɗa ta. Muka sauka kemis ɗin ƙasa don gwadawa. Ta sa sunana a matsayin wakilinta, ta miƙa yatsa tana dariya.

"In wannan ma ta ƙi, malam, gobe mu rufe ofis."

Wayarta ba ta yi ƙara ba. Tawa ce ta yi.

"Ta yi aiki?" ta tambaya.

"Ta yi," na ce. "Zo mu zauna tukuna."