Gidan da Ba a Kunna Wuta

Cokalin ya sake suɓuce mata, ya faɗa cikin kwanon markaɗaɗɗen karas. Ta dubi yatsunta. Kwanan nan kamar ba nata ba, sai wani zir-zir take ji kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fatar.

Tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa ɗora tukunya ba. Murhun gas ɗin da iyayenta suka saya mata, tukwanen furanni aka jera a kansa. Mijinta, wanda duk layin ke kira Mai Ganye, ya haƙiƙance wuta ce ke kashe abinci. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara. Kabeji, kokwamba, fiya da jiƙaƙƙiyar gyaɗa, shi ke nan. Ƙwayar magani da allura kuwa, ko sunansu ba ya son ji.

To, wa zai yi masa musu? Mutum ne kamar shi ya yi kansa. Da safe ya zaga unguwa a guje, ya dawo ya buɗe shagonsa na ruwan 'ya'yan itace, ya kafa waya yana yi wa mabiyansa bayani yana bugun ƙirji. Ita ma ta yarda da shi tsakani da Allah, ba tilas aka yi mata ba. Ƙwayoyin da aka ba ta wurin awon ciki, shi ya juye su a masai, ita ta kora musu ruwa suna dariya.

Yanzu ga Ƙarama, 'yarsu ta fari, wadda nono kaɗai ta sani. Yarinyar da ta fara zama, tana ɓangala wa kowa dariya, ta koma sai barci. Wuya ya saki. Nonon ma sai ta kama ta sake.

"Datti ne jikinta ke fitarwa," in ji shi. "Ki ƙara shan ruwan alayyafo." Sai ya sassauta murya. "Ko dai kina cin wani abu a bayan idona?"

Ta rantse, ta sake rantsewa, har da hawaye. Wannan tambaya ta fi komai yi mata ciwo.

Ranar da yayarta ta zo, ta ɗaga Ƙarama sama za ta yi mata wasa, sai kan yarinyar ya langaɓe baya.

"Innalillahi! Ke, kin haukace ne? Ɗauko mayafinki!"

Ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa Yaya ta nufa, don shi ne kusa. A hanya matar ta kira mijin a waya. Muryarsa ta canja nan take. Ya ce ba wannan ba, in ma dole ne a wuce babban asibitin da ke can ƙarshen gari. Yaya ta fizge wayar.

"Yarinya na hannuna kamar tsumma, kai kana zaɓen asibiti?" Ta kashe.

Aka ɗebi jinin uwa da na 'ya. Da sakamako ya fito, likita ya zare tabarau ya tambaye ta abin da take ci. Ta lissafa masa, har da ɗan alfahari. Ya ce akwai wani bitamin, B12, da ganye ba ya bayarwa ko an ci buhu guda. Nata ya ƙare, shi ya sa yatsun suke mutuwa. Tunda babu a jikinta, babu a nononta, ƙwaƙwalwar yarinya kuma da shi take ginuwa.

"Amma likita, maigidana ya riga ni farawa da shekaru. Ko ciwon kai ba ya yi."

Likita ya dube ta, ya ɗaga kafaɗa. "Ban ga jininsa ba, naki na gani."

"Za ta warke?"

"Yanzu za a fara yi mata allura, ke ma haka. Da yawa daga abin da ta rasa zai dawo. Ba zan yi miki alkawarin duka ba."

A kan bencin baranda ta zauna ta yi kuka mai cin rai. Ashe jikinta ne ba shi da kyau. Abinci ɗaya, kwano ɗaya, shi ya yi ɓul-ɓul, ita ta shayar da 'yarta yunwa. Da ta hango shi a bakin ƙofar asibiti ya ja hula ya rufe goshi, ya ƙi shigowa, har tausayinsa ta ji. Mutumin da ya tsani warin asibiti, ga shi ita ta jawo masa.

A ɗakin allura aka ce ta riƙe cinyar Ƙarama da kyau. Yatsun nata suka ƙi kamawa. Ta dubi Yaya.

"Wallahi ba zan riƙe ba," in ji Yaya. "Uban ya zo ya riƙe, ya gani da idonsa." Ta fita, ta dawo tana jan hannun rigarsa.

Nas ɗin, wata dattijuwa mai fara'a, ta ba su baya tana zuƙo jan ruwa daga 'yar kwalba. Ta ɗan ɗalli sirinjin da yatsa, ta juyo, sai ta washe baki.

"A'a, Mai Ganye! Ashe 'yarka ce? To, kwantar da hankalinka, ai irin taka ce, wadda kake zuwa ina yi maka duk wata."