Idon Malam Maiwada

"Ga Kaza da 'ya'yanta can, taurari bakwai reras, alamar shigowar damina! A fid da iri!"

Malam Maiwada, masanin taurarin Bakura, ya nuna gabas bayan sallar asuba, yadda matarsa Hindu ta raɗa masa kafin ya fito. Shekara uku ke nan da makancewarsa, ita ce idonsa a ɓoye.

Manoma suka ɗaga kai. Gajimare ya rufe sama ruf. Sai dariya ta ɓarke.

Yana shiga gida ya damƙe hannunta. "Don mi, Hindu?"

"Malam, haka ka tona makantar babana gaban jama'a, ka gaje shimfiɗarsa ta masanin taurari. Shekara ashirin nike jiran naka idon shi mutu."