Matar Mai Tsaron Raga

Yana ganin tsohuwar a ƙofar shagonsa ya gane ta, duk da shekara talatin sun wuce. Matar mai tsaron ragar da suka yi karo ce, a wasan cin kofi na 1954.

Ranar ya yi tsalle ya sa kai, ƙwallo ta shiga, gwiwar hannunsa kuma ta sami mijinta a gefen kunne. Garin Rosario ya kwana uku yana biki, a na huɗu aka binne mutumin. Kowa ya ce tsautsayi ne. Ya ƙara shekara tara yana bugawa, ana rera sunansa.

"Bawan Allah, ban zo da rigima ba," in ji ta. "Kai ne kusa da shi. Me ya faɗa a ƙarshe?"

Ya miƙa mata ƙoƙon shayi.

"Sunanki ya kira, baiwar Allah."

Ta yi godiya, ta tafi tana share hawaye.

Ya bi ta da kallo. Abin da marigayin ya faɗa da ƙarfi, yana tahowa zai cafke ƙwallo, shi ne: "Tawa ce!" Ya ji shi sarai, da sauran lokacin kaucewa, amma bai kauce ba.